Tour du Faso: tseren keken da maƙwabtanmu suka riƙe tun 1987

1/ Jama'a, yau tarihi za mu taɓa, amma na keke. A Burkina Faso akwai wani tsere mai suna Tour du Faso, tun 1987 ake yin sa, kwana goma ana zaga ƙasa. Da yawanmu ba mu taɓa jin sunansa ba, alhali daga Kebbi ƙasa ɗaya ce tsakaninmu da su, ko Nijar ko Benin. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo 🧵

2/ Abin da ya sa na damu da shi, ni ɗan Zuru: ƙwallo ana iya buga ta a fili an rufe ƙofa. Keke kuwa sai titi, sai gari ya buɗe, sai mutanen ƙauye sun fito bakin hanya ba fargaba. Don haka hanyar da tseren keke yake bi tana faɗa maka halin da ƙasa take ciki. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

3/ Da farko, ya ake yin sa? Ana raba tafiyar gida-gida, kowace rana a tashi daga wani gari a sauka a wani. Mu kira kowace rana zango, kamar yadda fatake suke cewa. A Tour du Faso yawanci zango goma ne, jimillar tafiya sama da kilomita 1,000, a ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba.

4/ Kowane zango da wanda ya ci shi. Amma gwarzon tsere gaba ɗaya shi ne wanda, in an tara lokacinsa na duk kwanakin, nasa ya fi ƙanƙanta. Kana iya lashe tseren ba ka ci zango ko ɗaya ba. Kana iya cin zango uku kuma ka ƙare can baya, saboda rana ɗaya da tayarka ta yi faci a mugun wuri.

5/ Wanda yake kan gaba a jimillar lokaci shi ke sa riga mai ruwan ɗorawa washegari, don kowa ya gane shi. Akwai kuma koriyar riga ta mai tara maki a wuraren ƙure gudu. Shi ya sa za ka ga mutum biyu a tsere ɗaya, kowa da abin da ya fito nema.

6/ Asalin wannan tsari daga Faransa ne. A 1903 jaridar L'Auto ta ƙirƙiro Tour de France don ta sayar da jarida. Zango 6 ne, kilomita 2,428. Mutum 60 suka tashi, 21 suka kai ƙarshe, Maurice Garin ya yi na ɗaya. Rigar ɗorawa sai 1919 ta zo. Yau zango 21 ake yi, kowace ƙungiya da mahaya 8.

7/ To me ya kawo ƙungiya cikin wasan da kowa ke kan kekensa? Iska. Babban abokin gaban mai keke ita ce iskar da yake ratsawa. In ka laɓe a bayan wani, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinka ka ajiye. Shi ya sa suke tafiya a dunƙule, ayari guda, taya na kusan taɓa taya.

8/ A kowace ƙungiya akwai mutum ɗaya da ake so ya ci. Sauran aikinsu hidima. Su tare masa iska, su koma motar ƙungiya su ɗebo masa ruwa, su kamo waɗanda suka tsere gaba. In kekensa ya lalace, wani ya sauka ya ba shi nasa, shi ya tsaya a rana yana jiran mota.

9/ Mutanen ƙasar Zuru za su fi kowa gane wannan. Golmo ne a kan keke. Samari su taru su yi noma a gonar surukan mutum ɗaya, gumin na kowa, amaryar ta ɗaya. Gobe kuma a juya a yi wa wani. Wanda bai taɓa tare wa ɗan'uwansa iska ba, ranar da yake buƙata ba mai tare masa.

10/ Yanzu mu koma Burkina. Kafin a yi Tour du Faso da shekaru, wani abu ya faru a Wagadugu da har yau Italiyawa ba su manta ba. A Disamba 1959, lokacin ƙasar tana amsa sunan Haute-Volta, shugaba Maurice Yaméogo ya gayyato manyan 'yan tseren keke na Turai su zo su yi wasa.

11/ Cikinsu har da Jacques Anquetil da Raphaël Géminiani na Faransa, da Fausto Coppi na Italiya, wanda ya ci Tour de France sau 2, ya ci Giro na ƙasarsu sau 5. An yi tsere, an je farauta, kowa ya koma gida. Sai Coppi da Géminiani suka kwanta da zazzaɓi.

12/ Shi Géminiani an gano cizon sauro ne, aka ba shi magani ya tashi. Likitocin Coppi ba su gano da wuri ba. Ranar 2 ga Janairu 1960 ya mutu yana da shekara 40. Zazzaɓin da muke sha duk damina shi ya kashe ɗaya daga cikin manyan mahaya keke a tarihi.

13/ Ƙasar ta samu 'yanci a Agusta 1960. A 1983 Thomas Sankara ya hau mulki, a 1984 ya canja mata suna zuwa Burkina Faso. Mutum ne mai son keke. An san shi da zuwa aiki a kai tun yana ƙaramin minista a 1981. Gwamnatinsa ta matsa wa ma'aikata su riƙa fita motsa jiki.

14/ A irin wannan yanayin aka haifi Tour du Faso a 1987. Kuma keke a can abin hawan kowa ne: mata, 'yan makaranta, ma'aikata, masu kai kaji kasuwa. Wato ba wani baƙon abu aka kawo musu ba. Abin da suke yi kullum aka mayar gasa, aka sa masa tuta.

15/ Wanda ya ci na farko ɗan Tarayyar Sobiyet ne, Igor Luchinko. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka su waye abokan gwamnatin a lokacin. A wannan shekarar ce, ranar 15 ga Oktoba, aka kashe Sankara. Blaise Compaoré ya hau, ya rushe abubuwa da yawa na magabacinsa. Tseren keke dai bai taɓa shi ba.

16/ Daga 1988 zuwa 1991 'yan gida ne suka yi ta ci: Mady Kaboré, Maxime Ouédraogo, Aimé Zongo, Saïdou Rouamba. Sai Ernest Zongo da ya ci sau biyu, 1995 da 1997. Ƙungiyar ƙasar ana ce mata Étalons, wato ingarmu, sunan da 'yan ƙwallonsu ma suke amsawa.

17/ Baƙi ma ba ƙanana ke zuwa ba. Guido Fulst na Jamus da ya ci a 1996, yana da zinaren Olamfik tun 1992, ya ƙara wani a 2000. Har zuwa 1998 tseren na 'yan sa kai ne kawai, waɗanda ba keke ne sana'arsu ba. Bayan nan aka buɗe ƙofa ga masu cin abinci da shi.

18/ A 2001 kamfanin ASO, wanda yake shirya Tour de France, ya shigo ya kama aikin. Kuɗi ya ƙaru, kyamara ta ƙaru, tsari ya gyaru. A 2005 hukumar keke ta duniya, UCI, ta sa shi a jerin gasanninta na Afirka a mataki na 2.2. Lambar 2 ta farko tana nufin tsere mai zango da yawa.

19/ Sai dai gyaran ya zo da ɗaci. Daga 1998 zuwa 2004, shekara bakwai a jere, ba ɗan Burkina da ya ci. Faransa, Masar, Yukren, Holan, Maroko, Holan kuma, Beljiyam. Kai ka share gida, ka dafa abinci, baƙo ya zo ya ɗauke kofi. Ku yi tunanin yadda ake ji a bakin titi.

20/ Dalili a fili yake. Baƙon ya zo da keke mara nauyi, da kayan gyara cike da mota, ga shi duk mako yana tsere a ƙasarsu. Ɗan gida kuwa sau da yawa keke ɗaya gare shi, da shi atisaye da shi gasa, in sarƙa ta tsinke sai an yi cuku-cuku. Ƙarfin ƙafa kaɗai ba ya cike wannan giɓin.

21/ Misali, Maarten Tjallingii na Holan da ya ci a 2003, daga baya ya shiga Rabobank, ya zo na uku a Paris-Roubaix a 2011. Da irin waɗannan ake haɗa yaran Wagadugu. Shi ya sa da Jérémie Ouédraogo ya ƙwato rigar a 2005, a can abin ya wuce labarin wasanni.

22/ Su waye ke zuwa? Kashi uku ne. Akwai 'yan gida, da ƙungiyar ƙasa da na yankuna. Akwai ƙungiyoyin ƙasashen Afirka irin su Maroko, Kwaddibuwa, Kamaru, Mali, Togo, Benin. Sai ƙananan kulob daga Beljiyam, Faransa, Holan da Jamus. Kowace ƙungiya mahaya kaɗan ne, kamar shida.

23/ Ku lura da Maroko. Abdelati Saadoune ya ci a 2002 da 2009, Adil Jelloul a 2007, Mouhssine Lahsaini a 2015, Salah Eddine Mraouni a 2017. Su ma 'yan Afirka ne, rana ɗaya ke dukanmu. Bambancin shi ne suna da gasanni a gida duk shekara da hukuma mai ɗaukar nauyi.

24/ ASO ya janye kafin 2010, mutane suka zaci tseren zai mutu. Bai mutu ba. Hukumar keken ƙasar da ma'aikatar wasanni suka ci gaba. Kuma 'yan gida suka dawo da ƙarfi: Hamidou Yaméogo 2011, Rasmané Ouédraogo 2012, Abdoul Aziz Nikiéma 2013. Uku a jere. Waɗancan shekarun shan kashi makaranta ce ashe.

25/ Yanzu hanyar. Burkina shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, wuri mafi tudu bai kai mita 750 ba. Ba dogayen duwatsu irin na Faransa. Abin da ke raba ayari a nan zafi ne mai haura digiri 35, da iskar gefe, da ramuka, da wuraren da kwalta ta ƙare aka shiga jar ƙasa. Faci ɗaya na iya cinye maka kwana goma.

26/ Ƙashin bayan tseren shi ne titin Wagadugu zuwa Bobo-Dioulasso, kusan kilomita 360, ta Boromo. Daga Bobo a gangara Banfora. Kusa da babban birni akwai Kudugu, Ziniaré, Kaya. Kudu akwai Manga da Pô a bakin iyakar Gana. Ranar ƙarshe a shigo Wagadugu, gari ya cika maƙil.

27/ A shekarun baya ayarin yana kaiwa Wahiguya a arewa, yana kaiwa Tenkodogo da Fada N'Gurma a gabas. In waɗannan sunayen sun yi maka kama da na gida, da dalili. Ta ƙasar Gurma da ta Mosi fataken Hausa suka riƙa ratsawa zuwa Gwanja sayen goro, wasu ma daga Jega suke ɗaura kaya.

28/ Har a Wagadugu a da akwai tsohuwar unguwa da aka sani da Zangouettin, inda Hausawa 'yan kasuwa suka zauna. Ku ji sunan da kyau, zango ne a ciki. Kakanninmu sun bi wani sashe na wannan hanyar da jakuna, zango-zango, madugu a gaba. Yau jikokin masu masaukinsu ke bin ta da keke.

29/ Sai shekarun wahala. A 2014 aka soke tseren saboda tsoron Ebola. A ƙarshen Oktoban nan, daidai lokacin da ya kamata a ce ana tsere, jama'a suka cika titunan Wagadugu, Compaoré ya sauka ranar 31 ga wata bayan shekara 27. Titin ya samu wani aikin a wannan shekarar.

30/ A Janairu 2016 'yan bindiga suka kai hari wani otal da gidan abinci a tsakiyar Wagadugu. Daga nan arewa da gabas suka riƙa rikicewa, ƙauyuka suka watse, wasu hanyoyi suka koma sai da rakiyar soja. Masu shirya tsere suka fara zana hanya da idon tsaro, suna matse ta zuwa tsakiya da kudu da yamma.

31/ Wannan shi ne abin da na faɗa a farko. Ka ɗauki hanyar tseren ta shekarun 2000, ka ajiye kusa da ta 'yan shekarun nan. Garuruwan da suka ɓace daga jerin su ne labarin. Ba sai kakakin gwamnati ya ce maka komai ba. Inda ba a yarda a kai baƙi da kekuna ba, talaka ma da fargaba yake bi.

32/ Duk da haka sun ci gaba. Harouna Ilboudo ya ci a 2016, Mathias Sorgho a 2018, Dario António na Angola a 2019. A 2020 korona ta hana. A 2021 Daniel Bichlmann na Jamus ya ci. A 2022, shekarar juyin mulki biyu, ba a yi ba. A 2023 aka dawo, ɗan gida Paul Daumont ya sa rigar.

33/ Wani zai ce, ƙasa na cikin yaƙi ana wasan keke? Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. Gwamnati na iya fakewa da biki ta ce komai lafiya. Amma ni a ganina, ranar da yaran makaranta suka yi layi a bakin titi suna ihu ba wanda ya gudu, wannan titin ya dawo hannun mutane ko da na yini ɗaya ne.

34/ Ba su kaɗai ba ne a Afirka. Tour du Rwanda ya fara a 1988, ya shiga jerin UCI a 2009. A Satumba 2025 Kigali ta karɓi gasar keke ta duniya, karon farko a nahiyar. Biniam Girmay na Eritiriya ya ci zango uku a Tour de France na 2024, ya tafi da koriyar riga gida.

35/ To mu fa? A Abuja akwai filin tseren keke na cikin ɗaki tun wasannin Afirka na 2003. A Olamfik ɗin Paris na 2024, Ese Ukpeseraye ta wakilci Najeriya, abin alfahari. Amma a gasar cikin fili da keken aro ta fita, ƙungiyar Jamus ce ta ba ta. Ita da bakinta ta yi musu godiya a fili.

36/ Kuma ba don ba mu san keke ba. Ku tambayi iyayenmu darajar Raleigh a da, har masana'antarsa aka yi a Kano. Malamin makaranta da kekensa, ango da kekensa. Babur ya zo, keke ya koma na tsofaffi da yara da wanda ake ganin bai samu ba. Yau saurayi ya hau keke zuwa zance, sai a sa shi a gaba da dariya.

37/ Amma ku je hanyar kasuwa ranar da take ci. Mutum ya ɗora buhun dawa a kariya, keke ba giya, birki sai a hankali, ya hau tudun nan namu bai sauka ba. Wannan ƙafar, da za a same ta tun yana ɗan shekara 14 a ba ta keken tsere da mai horarwa, wallahi ba na jin Maroko za ta yi barci.

38/ Kuma Zuru na da abin da Burkina ba ta da shi sosai, wato tudu da gangare. Ku zana da ni: zango na ɗaya Zuru, Dabai, Mahuta, Koko. Na biyu Koko zuwa Jega. Na uku Jega zuwa Birnin Kebbi. Na huɗu a sauka Argungu. A ƙara wani daga Yauri, a bi gefen Kwara.

39/ Yanzu ku ɗauki biro ku soke duk inda ba za ku yarda ƙaninku ya bi da keke da asuba ba. Ku soke inda ramuka za su karya taya. Ku ƙara zangon Zuru zuwa Ribah da Wasagu, ku ga ko hannunku zai yarda ya bar shi. Abin da ya rage a takardar, shi ne girman jihar da muke iya yawo a cikinta.

40/ Mun ma taɓa ganin irin wannan a gida. Bikin kamun kifi na Argungu, da ake yi tun 1934, ya tsaya kusan shekara goma saboda tsaro, sai 2020 ya dawo. Biki ba ya kawo zaman lafiya shi kaɗai. Amma tsayawarsa da dawowarsa duk suna gaya mana wani abu game da hanyoyinmu.

41/ Darasin Burkina a wurina shi ne naci. Ba su fi mu kuɗi ba, ba su fi mu tsaro ba. Sun dai riƙe abu ɗaya sama da shekara 35, an yi juyin mulki, kamfanin Turawa ya zo ya tafi, annoba ta zo, sun sha kashi a gida shekara bakwai, ba su ajiye ba. Mu kuwa kowace gwamnati da nata sabon bikin.

42/ Ba sai an fara da kwana goma ba. Yini ɗaya, a lokacin Uhola, zagaye cikin garin Zuru zuwa Dabai a dawo. Ajin masu keken gida daban, na 'yan makaranta daban, na mata daban. Masu faci su zama makanikai, 'yan acaba su share hanya. Badi a maimaita. Baɗin baɗaɗa a ƙara gari ɗaya.

43/ Tambayata gare ku: a garinku, wane titi ne za a iya rufewa na awa uku a yi tsere, iyaye su bar yara su fito kallo hankali kwance? Ku rubuto sunan titin a ƙasa, mu ga iya tsawon hanyar da za mu haɗa. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya buɗe mana hanyoyinmu.